Waya, Rakoda ko Situdiyo: Da Me Za a Ɗauki Waƙar Kaka?

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata, bayan la'asar, baƙi sun fara raguwa, mata na kankare tukwane a tsakar gida, sai muka ji Kaka ta ɗauko waƙa. Ba wanda ya roƙe ta. Jaririyar ce ta tsananta kuka, maijego ta shiga wanka, aka miƙa wa tsohuwa ita. Ta ɗora ta a cinya tana jijjigawa, waƙar ta fito da kanta. Babbar gwaggonmu da ke bakin murhu ta amsa, mai bi mata ta amsa, kafin ka ce kwabo gida ya ɗauka. Ni kuwa na zaro waya da rawar jiki, na buɗe WhatsApp, na danne alamar makirufo, na tura wa 'yan gidanmu na nesa. Da dare na sa a kunne. Janareton maƙwabta ya fito tar, ƙarar murfin tukunya ta fito, har muryata ta fito ina cewa "ku yi shiru mana", amma muryar Kaka sai ka ce daga cikin rijiya take tasowa. Duk inda aka tafa kuma sai sautin ya nutse, ya ɗan jima, ya sake ɗagowa.

Tun daga ranar na shiga neman yadda ake yin abin. Cikin shekara biyu na gwada hanya uku: waya, ƙaramar rakoda ta hannu da na aro wurin wani abokina ɗan jarida, da kuma situdiyo. Duk mai tsohuwa a gida da yake son adana waƙoƙinta, a wannan mararrabar zai tsaya, kuma kowace hanya akwai inda take ci, akwai inda take faɗuwa.

Kafin maganar na'ura, a fara duban abin da ake son kamawa. Waƙoƙin matan gida, na reno da na niƙa da na daka da na daɓe da na gaɗa da na kai amarya, yawancinsu manne suke da aiki ko da taro. Waƙar niƙa numfashin mai niƙa take bi, ta tura ɗan dutse gaba, ta jawo shi baya, kalmomin suna hawa a kan wannan kai-komon. Waƙar daka kuwa taɓarya ce gangarta. Gaɗa ba ta yiwuwa sai da da'ira, da tafi, da mai bayarwa, da masu amshi. Injin niƙa ya mayar da dutse bayan ɗaki, siminti ya kashe daɓe, dandali kuma ya zama shaguna a garuruwa da yawa. Saboda haka abin da ya rage a bakin tsofaffi yake.

Manyan makaɗa sun tsira, don gidajen rediyo da masu kaset sun bi su. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge mai kiɗan ƙwarya ta rasu a 2013, amma ko yau ka nemi muryarsu za ka samu. Matar da ta yi shekara hamsin tana waƙa a kan dutsen niƙa ba wanda ya bi ta. Kada kuma a ce rubutu ya wadatar. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau ta rubuta labarinta, da waƙoƙi a ciki, littafin ya fito a 1954. Kalmomin suna nan a takarda, amma karin da Baba take rera su da shi ya tafi da ita.

To, a irin wannan waƙa sauti uku ne ke zuwa a lokaci guda: muryar tsohuwa mai sanyi da rawa-rawa, amshin mata huɗu ko biyar da suka fi ta ƙarfi, sai kuma duka mai kaifi, na tafi ko na taɓarya ko na ƙwarya. Da wannan ma'aunin nake auna kowace na'ura. Wadda ta iya haɗa ukun ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, ita ce ta ci.

Waya

Babbar falalar waya ita ce tana aljihu. Waƙar tsohuwa ba ta sallama kafin ta zo. Za ta zo ana gyaran wake, ko ana tsifar kai, ko an ambaci wata ƙawarta da ta rasu. In ka ce bari ka je ka ɗauko kayan aiki, kafin ka dawo an koma hirar tsadar gero. Na biyu, ba ta tsorata kowa. Kaka ta saba ganin waya, da ita take gaisawa da 'ya'yanta na Legas, don haka in an ajiye ta kusa da ita ko kallo ba ta ishe ta ba.

Matsalarta kuwa daga ƙirarta take. An yi makirufon waya don magana, bakin mutum ɗaya kusa da ita. A cikinta akwai manhajar da ke rage hayaniya, da wata da ke daidaita ƙarfin sauti da kanta: in abu ya yi ƙara ta sauke, in ya yi sanyi ta ɗaga. Ga mai kira a tasha wannan rahama ce. Ga waƙa kuwa ɓarna ce, domin tafi da taɓarya a wurinta hayaniya ne. Da an tafa sai ta sauke komai, har da muryar mai waƙa, shi ya sa na ji sautina yana nutsewa yana tasowa. WhatsApp kuma ya ƙara da nasa, yana matse saƙon murya ya ƙanƙance don kada ya ci data, abin da ya zubar a wurin matsewar ba ya dawowa.

Amma akwai gyara, kuma kusan duk kyauta ne. Na farko, a bar ɗauka ta cikin WhatsApp. A yi amfani da manhajar ɗaukar sauti ta wayar, a shiga saitinta a zaɓi inganci mafi girma. In wayar ba ta ba da zaɓi ba, kamar yadda ake samu a wasu ƙananan wayoyin Android, a sauke manhajar da ke ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse komai, kuma wadda ke barin mutum ya kashe rage hayaniyar nan. Masu iPhone su shiga saitin Voice Memos su mayar da shi kan wanda ba ya rage inganci. Kada girman fayil ya tsorata kowa: WAV na makirufo ɗaya a ma'aunin faifan CD yana cin kamar megabait 5 a minti, wato awa guda ba ta kai rabin gigabait ba. MP3 na yau da kullum megabait 1 yake ci a minti, amma arahar nan ta kunnen yau ce, jikokinka za su so na asali.

Na biyu, a sa wayar a yanayin jirgi. Na taɓa rasa rabin waƙar kai amarya saboda wani ya kira ni yana tambayar ko ina da lambar mai gyaran famfo.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne inda aka ajiye ta. Kada a riƙe ta a hannu, motsin yatsu yana shiga. A ninke zane a ɗora a kan kujera 'yar tsugunno, a kwantar da wayar a kai, gindinta inda ake sa caja yana fuskantar mai waƙa, don a nan makirufon yake. Nisa ya zama kamar kamu ɗaya daga bakinta. A buɗaɗɗen wuri, duk sanda aka ninka nisa, sautin da ke isa makirufo yana raguwa da desibel 6, kusan rabi ke nan. Da wannan lissafin ake raba faɗan sautuka ukun nan: tsohuwa kusa, masu amshi a bayanta da taku biyu, turmi can gefe da taku huɗu ko biyar. Ranar da na fara yin haka, da wayar nan tawa ta da, muryar Kaka ta fito har ana jin inda take haɗiyar yawu.

Akwai kuma ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, irin na masu wa'azi da 'yan TikTok. Ba shi da tsada, kuma ga waƙar reno ko ta niƙa, inda mutum ɗaya ke rerawa, yana yin aiki sosai. Sai dai yana kwaso gogar hijabi da ƙarar carbi, kuma yana mayar da masu amshi kamar suna gidan maƙwabta. In za a saya, a duba ko wayar tana da ramin iyafis, don sababbi da yawa ba su da shi.

Inda waya ba ta da magani shi ne taro. Mata takwas suna gaɗa a tsakar gida, ko uku suna lugude, duk dabarar da ka yi sai wani abu ya fashe ko ya ɓace.

Rakoda

A nan ne ƙaramar rakoda ta nuna mini bambanci. Irin waɗanda 'yan jarida da ɗaliban da ke fita bincike suke riƙewa, kamar Zoom H1n ko Tascam DR-05X, tsawonsu bai wuce tocila ba. Suna da makirufo biyu a ka, ɗaya na dama ɗaya na hagu, don haka in ka saurara da hedifon za ka ji Gwaggo a dama, Inna a hagu, Kaka a tsakiya, kamar kana zaune a tabarmar. Kai ne ke saita ƙarfin shigar sauti da hannunka, ba na'ura ce ke yanke maka hukunci ba. Suna ɗaukar WAV mai bit 24, wanda ke ba da fili tsakanin raɗa da tsawa, suna aiki da batir biyu irin na rimot ko na agogon bango, suna ajiya a kan memori. Ba kira, ba saƙo, ba ruwansu da NEPA. A saitin kilohaz 48 da bit 24, da makirufo biyun, awa guda na cin kamar gigabait 1, ka ga memori mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa talatin.

Yadda ake saita ta ba wuya. Kafin a fara, ka ce a buga taɓarya ko a tafa da iyakar ƙarfi, ka dubi ma'aunin da ke kan allon, ka rage har dukan ya riƙa tsayawa wajen lamba 12 ƙasa da sifili. In ya taɓa sifili sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya ɗinkuwa. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya a kwamfuta. Akwai sababbin samfura masu bit 32 da suka ɗauke wa mutum wannan saitin gaba ɗaya, in an samu ɗaya daga cikinsu an huta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ramin hedifon. Kana ɗauka kana jin abin da ke shiga. A nan na gano firijin ɗakin Inna yana gurnani tun da aka saye shi, mu dai kunnenmu ya saba.

Laifinta ma daga nan yake: ba ta da kara, duk abin da ta ji sai ta kwasa. Akuya, zakara, adaidaita sahu a bakin titi, yaron da ke tallan ƙosai a layi na uku. Iska kuwa abokiyar gabarta ce. Da hunturu, in ba a sa mata hular gashin nan da ake rufe makirufo da ita ba, abin da za ka samu gugugu ne kawai. Ita ma ba a riƙe ta a hannu. Sannan wasu rakodojin sai an danna maɓallin ɗauka sau biyu, na farko shiri ne, jar fitila tana ƙiftawa, na biyu ne ɗauka. Na zauna minti ashirin ina murmushi, mata suna lugude har da jefa taɓarya sama, ashe fitila ƙiftawa take yi. Da na faɗa musu, Gwaggo ta ce, "To ɗan boko, sai ka daka mana naka mu gani."

Kuɗinta ya kusa na sabuwar waya matsakaiciya, kuma ba kowace kasuwa ake samunta ba. Ni a ganina, in aikin na gida ɗaya ne, aro ya fi saye. Ma'aikatan gidajen rediyo suna da ita, haka malamai da ɗalibai a sassan nazarin harsuna. Kwana uku na hutun Sallah, lokacin da gwaggonni suka hallara, sun isa a kwashi abu mai yawa.

Ta fuskar tsohuwa kuma, baƙon abu ce. Ranar farko Kaka ta dube ta ta ce, "Wannan kuma na asibiti ne?" Ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙe zaune, ta rera mini waƙa kamar mai karanta hadda a gaban malam. Sai a kwana na biyu, da na bar na'urar a kan buhun masara na shiga taya su ɓarar gyaɗa, ta manta da ita.

Situdiyo

Da yawa nan hankalinsu ke fara zuwa, don ana ganin abin da aka biya kuɗi ya fi. Kaka dai ta rantse ba za ta ba. "Ni da tsufana a gan ni ɗakin mawaƙa? Angona, ka rufa mini asiri." Sai ƙaramar gwaggonmu, wadda ta gaji yawancin waƙoƙin, ta yarda, muka je wani situdiyo a cikin gari.

Mai aikin yaro ne mai ladabi, kuma ya san sana'arsa. Sai dai sana'arsa ita ce waƙar fim da ta biki da ta siyasa. Ya saurari Gwaggo sau ɗaya, ya juya kan fiyano ya haɗa kiɗa. Ya shigar da ita wani ɗan ɗaki ita kaɗai, ya ɗora mata hedifon a kan hijabi, ya ce ta bi kiɗan. Matar da duk rayuwarta taɓarya da tafi ke bin muryarta, yau an ce ita ta bi inji. Ta yi ta wuce shi, yana tsayar da ita. Amshi kuma aka ce ita za ta yi wa kanta daga baya, a jera a kan juna. Da aka gama ya bi muryar da manhajar nan mai miƙe murya, wadda ke jan kowane sauti zuwa ma'aunin fiyano. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, waƙar baka tana bin hawa da saukar kalma, tana zamewa tsakanin sauti da sauti. Waɗannan 'yan zame-zamen su ne gishirin, su kuma manhajar ta ɗauka kuskure ne ta goge. Abin da muka fito da shi tsaf yake, ba akuya ba janareto. Da muka kunna wa Kaka, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wace yarinya ce wannan? Ta iya nanaye."

Ga kuma agogo. A situdiyo lokaci kuɗi ake biya, ba wanda zai tsaya ya tambayi Gwaggo wa ya koya mata, ko me ya sa ake ambaton wani rafi a ɗan waƙa na uku.

Ban ce ba shi da amfani ba. In abin da ake so shi ne sabunta tsohuwar waƙa don a kunna a biki ko a rediyo, nan ne wurinsa, kuma wannan ba laifi ba ne, sai dai a san sabon abu aka yi. Yana da amfani wajen gyaran abin da aka ɗauko a gida: yanke farko da ƙarshe, ɗaga murya, rage gurnanin firij. Haka in akwai tsohon kaset na bikin iyaye a ƙasan akwati, mai situdiyo zai iya mayar da shi kan kwamfuta kafin zaren ya lalace. In kuma lallai can za a ɗauka, a shimfiɗa sharaɗi tun a bakin ƙofa: ba fiyano, ba miƙe murya, mai bayarwa da masu amshi duk a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a ba ku fayil ɗin WAV na asali kafin a taɓa shi.

Akwai hanyar tsakiya, a ɗauko mai situdiyo ya zo gida da makirufo biyu ko uku da kwamfutarsa. Ta fuskar sauti babu kamar wannan. Cikas ɗin shi ne gidanmu ba a shiga, kuma ko an yi masa izini, baƙon namiji na tsaye a tsakar gida mata ba za su buɗe baki ba. Wani abokina ya warware wannan da dabara: mai aikin ya shiga ya kafa makirufo kafin mata su fito, ya ja doguwar waya zuwa zaure, ya zauna can da hedifon, ƙanwar abokin nawa tana kai saƙo tsakani. Irin wayar makirufon situdiyo tana jure nisan mita ashirin ko talatin ba tare da sauti ya lalace ba. In an samu mace ma'aikaciyar rediyo, ba a ma buƙatar zauren.

Sauti kaɗai, ko har da hoto?

Waƙar reno da ta niƙa kunne ya ishe su. Amma lugude, yadda ake cilla taɓarya a tafa a cafe, ko gaɗa, yadda yarinya ke faɗawa baya ƙawaye su tare ta su ɗaga, ko shantu, yadda ake buga shi a cinya ana toshe ɗaya bakin da tafin hannu, waɗannan gani ya kori ji. Matsalar bidiyo biyu ce. Don hoto ya ɗauki kowa sai wayar ta ja baya, in ta ja baya murya ta tafi. Maganinsa na'ura biyu: ɗaya kusa tana ɗaukar sauti, ɗaya nesa tana ɗaukar hoto, a tafa sau ɗaya da ƙarfi a farko don mai haɗawa ya san inda zai daidaita su. Bidiyo kuma yana da ci, minti guda mai kyau yana kai megabait 60 zuwa 130.

Ta biyun ta fi nauyi. Da an ɗaga kyamara, mata sun tashi neman mayafi da hoda, wasu sun shige ɗaki. Kuma waƙoƙin nan ba duka ne na jin kowa ba. Waƙar niƙa wurin amayar da ciki ce. A cikin na Kaka akwai habaicin da ta yi wa kishiyarta shekara hamsin da suka wuce, ita kishiyar ta rasu, amma 'ya'yanta baffannina ne, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Akwai na kai amarya da tsofaffi ke sakin baki a ciki. Irin wannan in ya faɗa TikTok, faɗan da zai tayar ya fi ƙarfin mai waya. Abin da nake yi yanzu, kafin a fara sai in tambaye ta, na'ura tana ɗauka: "Matata, wannan wa da wa za su ji?" Wata ta ce kowa, wata ta ce 'yan gida, wata ta ce sai bayan ranta. Amsar tana nan a farkon fayil, da muryarta.

Ɗaki, lokaci, da mai riƙe na'ura

Na yi ta auna na'urori, daga baya na gane ɗaki yana canja sauti fiye da yadda canjin na'ura ke yi. Falon baffana mai tayil da silin da bangon siminti, ko da rakoda, murya tana bugun bango tana dawowa kamar a banɗakin masallaci. Tsohon ɗakin Kaka na ƙasa, mai rufin azara, da gadonta da labule da jeren kwalla da tabarma, ko da waya sauti yana fitowa a zaune. In ɗakin siminti kaɗai ake da shi, a jingina katifa a bango, a shimfiɗa darduma, a saki labule. A kashe fanka da firij. Rufin kwano in ana ruwa sai haƙuri. A cikin gari, lokacin da akwai wuta ya fi shiru, don da an ɗauke janareto za su tashi. Hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, ya fi mini kowane lokaci, sai kuma bayan isha'i. A kauce wa gab da kiran salla, don ladan na farawa za a yi shiru, kuma da wuya a koma inda aka tsaya.

Sai mai ɗauka. Mahaifina shi ne ɗan farin Kaka, ko sunansa ba ta faɗa. Wata rana muna tsakiyar waƙa ya yi sallama, ta datse ta a tsakiyar kalma, ta jawo carbi. Suruki ma haka, ko ya fi. Jika ne ke da lasisin wannan aiki, don tsakaninsa da kaka wasa ne. Ni nakan tsokane ta in ce ai ta manta, tsufa ya cinye waƙar, sai ta harzuƙa ta kawo uku a jere. Jika mace ta fi ni ma, domin ƙanwata ta samo waƙoƙin da ni ba a taɓa yi a gabana ba.

Kada a kashe na'ura tsakanin waƙa da waƙa. A farko a faɗi ranar da garin da waɗanda ke wurin. In an gama a tambaya: a wurin wa kika ji, kina shekara nawa, mece ce ma'anar kalma kaza. A rubuta kalmomin a littafi tun tana nan, don akwai sunayen hatsi da na kayan ɗaki da na garuruwa da in ba ita ba, ba mai warware su.

Ajiya kuwa kada ta tsaya a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa, mai gyara yana yi mata filashin. A kwafa a kwamfuta ko memori, a ɗora a Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta, a kuma tura wa ɗan'uwa a wani gari. In ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, wato Document, ta nan ba ya matsewa kuma yana ɗaukar har gigabait 2. In abin ya taru da yawa, kuma masu shi sun yarda, ana iya tuntuɓar masu nazarin waƙar baka a Jami'ar Bayero ta Kano, ko cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda tun 1968 aikinta ke nan, tattara adabin baka.

To, wanne za a zaɓa? In tsohuwa ɗaya ce, ta manyanta sosai, waƙoƙinta na reno ne da na niƙa, a ɗauki wayar da ke hannu yau, a gyara saitinta, a shiga ɗakinta. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma jiran rakoda bai kai wannan kasadar ba. In mata da yawa ne, da tafi da turmi da ƙwarya, a nemi aron rakoda a tari lokacin Sallah ko biki, waya ta koma ɗaukar hoto in an amince. Situdiyo a bar shi sai ƙarshe, ga gyara, ko ga mai son sabunta waƙa bayan ta asalin ta shiga ajiya.

Ni yanzu manhajar ɗaukar sauti tana fuskar wayata ta farko, kusa da ta kira. Fayil ɗin da na fi komawa kansa da wayar na ɗauke shi, wani hantsi da damina, tsawonsa minti arba'in da bakwai. Waƙar cikinsa ba ta fi minti shida ba. Sauran duk musu ne tsakanin Kaka da babbar gwaggo a kan wane ɗan waƙa ke zuwa kafin wane, Gwaggo na cewa haka ta ji a bakinta tun tana yarinya, Kaka na cewa, "Ke da aka goya ana yi, yaushe kika san farkonta?"